Leonhart Fuchs (1501–1566): Likitan da Neman Gaskiyar Littafi Ya Kai Shi Daji

A farkon ƙarni na 16 Miladiyya, idan likita a ƙasar Jamus ya duba majinyaci, yakan rubuta sunan magani da harshen Latin, a kai wa mai haɗa magunguna. Shi kuma mai haɗa magani sau da yawa ba da kansa yake shiga daji ba, saye yake yi daga hannun tsofaffin mata da manoma masu kawo ganye da saiwa kasuwa. To, likitan ya san sunan a littafi, amma bai taɓa ganin tsiron a tsaye ba. Tsohuwar ta san tsiron tun tana yarinya, amma ba ta taɓa jin sunan da ke cikin littafi ba. Tsakanin waɗannan biyu kuwa akwai majinyaci kwance, wanda zai sha duk abin da aka jiƙa masa. Idan an yi dace ya warke, idan an yi kuskure a ce kwana ne ya ƙare.

Wannan giɓi da ke tsakanin suna da tsiro shi ne abin da wani likita Bajamushe mai suna Leonhart Fuchs (ana furta sunan Fuks) ya ƙarar da rayuwarsa wajen cikewa. A gabatarwar babban littafinsa ya koka da cewa da wuya a sami likita ɗaya cikin ɗari a zamaninsa wanda ya san ko da tsirrai kaɗan sani na haƙiƙa. Masana tarihin kimiyya suna lissafa shi cikin mutum uku da ake kira iyayen ilimin tsirrai na Jamus, sauran biyun su ne Otto Brunfels da Hieronymus Bock.

Tasowarsa da Karatunsa

An haifi Fuchs ranar 17 ga Janairu, 1501, a wani ƙaramin gari mai suna Wemding a yankin Bavariya, kudancin Jamus. Mahaifinsa ya rasu tun yana ƙarami. Ya yi karatu a Heilbronn da Erfurt, inda ya sami digirin farko tun bai cika shekara 20 ba, har ya koma garinsu ya buɗe 'yar makaranta. A 1519 ya tafi jami'ar Ingolstadt, ya zurfafa a Girkanci da Latin, ya kuma zauna gaban shahararren malamin harsunan nan Johannes Reuchlin. A 1524 ya zama cikakken likita.

Ya kamata ɗalibi ya lura da wannan jeri: harshe ya fara koyo kafin magani. Likitanci a jami'o'in wancan zamani karatun littafi ne, kuma wanda ya fi iya karanta tsofaffin littattafai shi ake ɗauka ya fi kowa sanin magani.

Ya yi aiki shekara biyu a Munich, ya koyar a Ingolstadt, sannan a 1528 ya zama likitan basaraken Ansbach. Yana can ne wata annoba da ake kira zufar Ingila ta shigo Jamus a 1529, cutar da takan kashe mutum cikin yini guda bayan zazzaɓi da matsanancin gumi, wadda har yau ba a tabbatar da ƙwayar da ke haddasa ta ba. Sunan Fuchs ya fito a lokacin wannan annoba. Sai dai ya karɓi koyarwar Martin Luther, Ingolstadt kuwa cibiyar ɗariƙar Katolika ce, saboda haka da ya sake komawa can zaman bai yi daɗi ba. A 1535 sarkin Württemberg, Ulrich, ya gayyace shi jami'ar Tübingen. A nan ya zauna shekara 31 har mutuwarsa, ya kuma riƙe shugabancin jami'ar har sau bakwai.

Rigimarsa da Littattafan Larabawa

Littafin da ya fara fito da shi fili ya bayyana a 1530, kuma sunansa kaɗai ya isa tsokana, domin ma'anarsa ita ce kurakuran likitocin baya-bayan nan. Hujjar Fuchs ita ce, ilimin magani na asali yana cikin rubuce-rubucen Girkawa, wato Hippocrates da Galen da Dioscorides, amma ya iso Turai ta hanya mai nisa. An fassara shi daga Girkanci zuwa Larabci a Bagadaza a ƙarni na 9, daga baya aka juya shi daga Larabci zuwa Latin a Andalus da Italiya. A kowace fassara, da kowane kwafi da aka yi da hannu, sunayen tsirrai suna jirkicewa, har tsiro biyu su koma ɗaya, ko ɗaya ya rabu uku. Saboda haka ya nemi a ajiye Ibn Sina da sauran malaman Larabawa, a koma tushe.

A nan Fuchs yana da rabin gaskiya, amma ya yi rashin adalci a sauran rabin. Gaskiya ne sunaye sun gurɓata, sai dai mafi yawan laifin na masu juyawa zuwa Latin ne da masu kwafi. Shi kansa da fassarar ya dogara wajen yanke wa Larabawa hukunci. Bugu da ƙari, abin da yake fafutuka a kai, wato fita daji a ga tsiro da ido, malaman Andalus sun riga shi da kusan shekara 300. Ibn al-Baitar, mutumin Malaga wanda ya rasu a Dimashƙa a 1248, ya keta Arewacin Afirka har zuwa Sham yana tattara tsirrai, ya kuma bar littafi mai bayanin magunguna da abinci kimanin 1,400, da yawa daga cikinsu Girkawa ba su san da su ba. Fuchs mutum ne mai kaifin alƙalami da saurin fushi, kuma wannan hali ya rufe masa ido ga alherin da ke wurin waɗanda ya ɗauka abokan hamayya.

Amma abin sha'awa shi ne inda wannan ra'ayi ya kai shi. Idan za a koma ga Dioscorides, likitan ƙarni na ɗaya wanda ya bayyana tsirrai kimanin 600, dole a san wane tsiro yake nufi da kowane suna. Ba a kuma iya sanin haka a ɗakin karatu. Sai an ɗauki littafin an shiga saura da bakin rafi da gindin dutse, ana gwada abin da aka karanta da abin da ke tsaye a ƙasa. Haka Fuchs ya yi. Ya riƙa fita da ɗalibansa cikin karkara, ya kuma shuka lambun tsirran magani a gidansa na Tübingen. Mutumin da ya fita don ya gaskata magabata, sai ga shi yana koyon dogaro da idonsa.

Babban Littafin 1542

A 1542 maɗaba'ar Michael Isingrin da ke Basel, ƙasar Siwizalan, ta fitar da De historia stirpium, wato bayani a kan tarihin tsirrai. Ƙaton littafi ne mai shafi kusan 900, ɗauke da hotuna fiye da 500. Kimanin 400 daga cikin tsirran na Jamus ne, sauran kimanin 100 baƙi ne. Shekara guda bayan haka, a 1543, aka fitar da shi da Jamusanci domin waɗanda ba su iya Latin ba. A wannan shekarar ce kuma littafin Vesalius kan ƙirar jikin ɗan Adam ya fito a Basel ɗin, na Copernicus kan tafiyar duniyoyi kuma ya fito a Nuremberg.

Kowane babi yana bin tsari guda: sunayen tsiron a Girkanci da Latin da Jamusanci da kuma sunan da masu haɗa magani ke kiran sa, sai ire-irensa, sai siffarsa, sai wurin da yake fitowa, sai lokacin furensa, sai ɗabi'arsa, sannan amfaninsa. Abin da ake nufi da ɗabi'a shi ne ko tsiron mai zafi ne ko mai sanyi, busasshe ne ko mai danshi, bisa koyarwar Galen cewa lafiya daidaito ce tsakanin ruwaye huɗu na jiki. Duk wanda ya taɓa leƙa littattafan ɗibbu na Larabci ya san wannan rabo, domin daga tushe ɗaya suka sha. A farkon littafin kuma ya jera kalmomin fannu fiye da ɗari tare da ma'anarsu, abin da ake lissafawa cikin ƙamus na farko-farko na ilimin tsirrai.

Sai dai darajar littafin ba a rubutun take ba. A hotunan take.

Yadda Aka Yi Hotunan

Kafin injin ɗab'i, hoton tsiro a littafi ba abin dogaro ba ne. Mai kwafi yana kallon hoton da wani ya kwafa daga na wani, kowa yana ɗan gyara ganye don ya yi kyau, har bayan ƙarnoni a sami zanen da bai yi kama da komai da Allah ya halitta ba. Sassaƙa hoto a kan katako ya kawar da wannan matsala, domin katako ɗaya zai buga hoto dubu, na ƙarshe daidai da na farko. Likita a Basel da likita a Paris suna iya kallon zane guda, su yi gardama a kan abu guda. Wannan ba ƙaramin ci gaba ba ne a kimiyya.

Mutum uku suka yi aikin. Albrecht Meyer shi ne mai zanawa a takarda, da tsiron a gabansa. Heinrich Füllmaurer yana ɗauke zanen ya mayar da shi kan fuskar katako. Veit Rudolf Speckle, gwanin sassaƙa na birnin Strasbourg, shi ke bi da wuƙa yana ƙwaƙule duk inda ba layi, ya bar layukan a tsaye kamar kunya a gona, domin su kaɗai tawada za ta taɓa. Kuskuren wuƙa ɗaya yana iya ɓata aikin kwanaki. Fuchs ya sa aka buga hotunan waɗannan mutum uku a ƙarshen littafin, biyu suna kan aiki da furanni a gabansu. A zamanin da ake ɗaukar mai sana'ar hannu a matsayin ɗan ƙwadago kawai, wannan karramawa ce da ba a saba gani ba, kuma tana nuna ya san inda ƙarfin littafinsa yake.

Akwai muhimmin bambanci tsakaninsa da Brunfels, wanda littafinsa ya fara fita a 1530. Mai zanen Brunfels, Hans Weiditz, yana zana tsiro yadda ya same shi, har da ganyen da ya yi yaushi da wanda ƙwari suka ci. Zanensa ya fi rai, kuma masana zane da yawa sun fi yaba masa. Fuchs kuwa ba hoton wani tsiro guda yake so ba, hoton irin yake so. Ya hana a cika inuwa da ƙawa, ya nemi siraran layuka masu tsabta waɗanda za a iya cika su da launi da hannu daga baya. Ya sa a nuna tsiro cikakke tun daga saiwa har ƙololuwa. Sau da yawa ma akan haɗa toho da fure da 'ya'ya a jikin tsiro ɗaya, alhali a daji ba a ganin su lokaci guda.

Mai karatu zai iya cewa ai wannan ƙarya ce. Ta wata fuska haka ne, domin babu tsiron da ya taɓa tsayawa da wannan kama. Amma mai neman magani yana iya zuwa da bazara ko da kaka, kuma yana bukatar ya gane tsiron a kowane hali ya same shi. Wannan tunani ne ya sa har yau, duk da kyamara da ke aljihun kowa, manyan littattafan tantance tsirrai ba su daina amfani da zanen hannu ba. Kyamara tana ɗaukar duk abin da ke gabanta, mai zane kuwa yana zaɓar abin da ke raba iri da iri.

Malamin makaranta zai iya gwada wannan da ɗalibansa ba tare da kashe ko sisi ba. A tuge tafasa da rai-ɗore da saiwarsu, a ba kowane ɗalibi fensir. 'Yan gida ɗaya ne, dukansu furensu rawaya, kuma daga nesa yaro zai iya ɗaukar wannan a matsayin wancan. Amma wanda ya zauna zanawa dole ya ƙirga ƙananan ganyayyakin, ya ga na tafasa tagwaye uku ne masu faɗin baki, na rai-ɗore kuwa sun fi yawa kuma bakinsu da tsini. Fensir yana tilasta wa ido ya ga abin da da ya tsallake.

Baƙin Tsirrai da Kurakuransa

Shekara 50 kacal ke tsakanin isar Kolumbus nahiyar Amurka a 1492 da fitowar littafin, amma tuni tsirran can sun shiga lambunan Jamus. Hotunan masara da barkono da kabewa da ke cikinsa suna cikin na farko da aka buga a Turai. Sai dai Fuchs bai san daga inda suka fito ba. Masara ya kira ta hatsin Turkiyya, yana zaton daga gabas aka kawo ta. Barkono ya danganta shi da Indiya, har da birnin Kalikut, ya kuma laƙaba masa wani tsohon suna daga littafin Pliny, mutumin Rum da ya mutu shekara fiye da 1,400 kafin Bature ya ɗanɗana barkono. A yau an san cewa a kudancin Meziko aka fara noman masara, kimanin shekara 9,000 da suka wuce. Bai kamata a yi wa Fuchs dariya ba, domin sunan da Bahaushe ya ba wannan hatsi ma ƙasar Masar yake nunawa. Kowace al'umma takan sa wa baƙo sunan ƙofar da ya shigo mata.

Babban rauninsa ya fi wannan zurfi. Dioscorides mutumin yankin Bahar Rum ne, ƙasa mai ɗumi da rani mai tsawo, Jamus kuwa ƙasar sanyi ce. Da yawa daga tsirran da Dioscorides ya bayyana ba su fitowa a Jamus sam, kuma ba a riga an fahimci cewa kowane yanki da nasa tsirrai ba. Saboda haka Fuchs yakan ɗauki tsiron Jamus ya cusa shi ƙarƙashin sunan Girkanci, ya kwafo siffa da amfani daga tsohon littafi, har a sami shafin da rubutu ke faɗin abu ɗaya, hoto na nuna wani. Wajen siffanta tsiro da kalmomi Bock ya fi shi nesa. Haka kuma ya jera tsirran ne bisa haruffan sunayensu na Girkanci, ba bisa dangantaka ba. Bai kuma san aikin fure ba. Sai a 1694 Rudolf Camerarius, shi ma malami a jami'ar Tübingen, ya nuna ta hanyar gwaji cewa tsirrai suna da sashen namiji da na mace. Cikin tsirran da ya gwada har da masara: da ya cire gemun tun yana sabo, goyon bai yi ƙwaya ba.

Tsiron da Ba Ya Cikin Littafin Magabata

Wani lokaci daji yakan kawo abin da littafi ba shi da amsarsa. Akwai wani tsiro mai dogon kara da furanni masu kama da ƙararrawa, wanda Jamusawa ke kira da sunan ɗan ƙoƙon ƙarfen da maɗinki ke sa wa yatsa don kada allura ta soke shi. Fuchs bai same shi a wurin Girkawa ba, sai ya ƙirƙira masa suna daga kalmar Latin mai nufin yatsa, ya kira shi Digitalis. Da Linnaeus ya zo tsara sunayen tsirrai a 1753 ya bar wannan suna, kuma shi ake amfani da shi har yau.

Fuchs bai san abin da tsiron ke yi wa zuciya ba. A 1785 wani likitan Ingila, William Withering, ya wallafa sakamakon shekara goma na gwada ganyen a kan masu kumburin jiki, ya kuma fayyace yadda za a auna shi. A 1930 aka tace sinadarin digoxin daga wani iri na Digitalis. Sinadarin yana ƙara yawan kalsiyam a cikin ƙwayoyin tsokar zuciya, sai bugun ya yi ƙarfi, ya kuma rage gaggawa. Amma tazarar da ke tsakanin adadin da ke warkarwa da wanda ke kashewa 'yar kaɗan ce. Kafin ya yi fure, ganyensa yana kama da na wani tsiro mai suna Symphytum da Turawa ke dafawa su sha, kuma har a wannan zamani an sha kai mutane asibiti saboda sun tsinko wannan a madadin wancan. Irin kuskuren da Fuchs ya ji tsoro ke nan.

Aikin da Bai Ga Ɗab'i Ba

Littafin ya karɓu ƙwarai. An sake buga shi sau da dama tun yana raye, an juya shi zuwa Faransanci da Holanci da Sifananci, an kuma yi ƙanana da za a iya sa wa a jaka a shiga daji. Karɓuwar ta jawo ɓarayin zane. Wani mai maɗaba'a a Frankfurt, Christian Egenolff, ya kwaikwayi hotunan a littattafansa masu araha, Fuchs kuma ya bi shi da rubutu mai zafi. Ya kuma yi doguwar cacar baki da wani masanin Girkanci, Janus Cornarius. Da yake kalmar Fuchs a Jamusanci sunan wata dabba ce dangin dila da yanyawa, sai Cornarius ya sa wa littafin martaninsa suna mai nufin yanyawar da aka feɗe. Malaman wancan zamani ba su san sassauci a gardama ba.

An yi masa tayin aiki a Pisa ta Italiya da kuma ƙasar Denmak, duk ya ƙi, ya zauna Tübingen. Shekara fiye da 20 na ƙarshen rayuwarsa ya ƙarar da su ne wajen faɗaɗa littafin. Ya tara hotuna masu launi fiye da 1,500, wato ninki uku na farko, har da tumatir da taba. Amma sassaƙa katako mai wannan yawa yana cin kuɗin da babu mai maɗaba'ar da ya yarda ya zuba. Fuchs ya rasu ranar 10 ga Mayu, 1566, aikin yana rubutun hannu. Yana nan cikin mujalladi tara a Ɗakin Karatu na Ƙasa da ke Viyana, babban birnin Ostiriya.

A ƙarshen ƙarni na 17 wani malamin coci Bafaranshe mai binciken tsirrai, Charles Plumier, ya ci karo da wani ɗan itace a tsibirin Hispaniola na yankin Karebiyan, furanninsa jajaye suna reto kamar 'yan kunne. Da ya wallafa bayaninsa a 1703 sai ya sa masa suna Fuchsia, shekara 137 bayan mutuwar mai sunan, wanda bai taɓa ganin wannan fure ba. A 1859 kuma masu haɗa rini a Faransa suka fitar da wani jan rini mai ɗaukar ido suka kira shi fuksin. Da wannan rini ne ma'aikacin ɗakin gwaji ke rina kakin mai tari a kan gilashi. Idan ya wanke da ruwan asid, launin yakan fita daga komai, ban da ƙwayoyin tarin fuka, waɗanda ke bayyana jajaye kamar ƙananan sanduna a ƙarƙashin madubin ƙara girma.